Ranar da Kwamfutar Matata Ta Kira Ni Ɓarawo

Ranar Litinin da safe kwamfutar matata ta kira ni ɓarawo. Ba da baki ta faɗa ba, rubutawa ta yi a kusurwar allo da Turanci mai ladabi: wai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta halal ba ce, wai ko dai an cuce ni, ko kuma ni na yi cutar. Ni da ko kwakwar maƙwabci ce ta faɗo tsakar gidana sai na miƙa masa ta kan katanga. Daga nan ta yi duhu, ta ce tana sabunta kanta kada kowa ya kashe ta, ta shiga juya wani ɗan zobe. Na sha shayi, na yi wanka, na dawo, zoben bai gaji ba.

Bari in gaya muku asalin wannan baiwar Allah. Bara, ana gab da zaɓe, Mai Girma Uban Talakawa, Laimar Marayu, Allah ya ƙara wa kujerarsa ƙafa, ya raba wa ƙungiyoyin mata laftof. An kafa rumfa, an kawo makaɗa, an rataya masa furanni har wuyansa ya ɓace. Ƙungiyar su Subaida, matata, masu haɗa acar, wato jiƙon mangwaro da lemun tsami mai yaji, a kwalabe, ta samu guda. In ka kunna ta fuskarsa ce ke fara fitowa, ya haɗa tafin hannu yana murmushi, kuma sai ya gama murmushinsa kafin a ba ka izinin aiki.

Da a wani makon ne ta yi wannan tsiyar, da na ƙyale ta. To amma wani ɗan garinmu mai kanti a Dubai ya ɗanɗana acar ɗin, ya ce zai riƙa saye duk wata, da sharaɗin ranar Juma'a ya ga matan ta bidiyo, ya kuma ga takardar da za a liƙa a jikin kwalba, da sunan kaya da ranar lalacewa. Rabin matan nan mazansu masunta ne, kuma a wannan damina ba jirgin da ke shiga teku. In cinikin ya faɗa, akwai gidajen da za su daina jera bokitan tarar yoyon rufi a tsakar ɗaki.

Subaida ta ajiye mini kwamfutar a cinya. "Baban Shamla, kai ne kullum kake gyara ƙasa a jarida. Yau gyara mana wannan, ai ba ta kai ƙasa girma ba."

Na naɗe ta a leda, na ɗauki laima, na tafi ofishin da ya yi rabon. Na bi layi bayan wani tsoho da ya zo neman kuɗin fansho, wanda ya ce tun yana da haƙora yake zuwa. Wajen azahar aka shigar da ni wurin Ranka-ya-daɗe Babban Jami'in Kula da Zamanantarwa. A kan teburinsa akwai tasa laftof ɗin, sabuwa fil, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, an ɗora mata kofin shayi. Na ji daɗi ƙwarai, don na ga ana tattalin kayan gwamnati.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan ta ce manhajarta ta sata ce."

Ya leƙa allon, ya gyara tabarau. "Kai ka sace?"

"A haka aka ba mu, ranka ya daɗe."

"To mu ma a haka ɗan kwangila ya ba mu. Ka ga ke nan ba laifin kowa ba ne."

Na tambayi inda zan samu ɗan kwangilar. Ya ce ya tafi Umara, in ya dawo kuma zai wuce duba lafiyarsa, amma kada in damu, an riga an kafa kwamiti, kuma kwamitin zai zauna da zarar an kafa ƙaramin kwamitin da zai sa masa ranar zama. Na ce Juma'a fa nake da ita. Ya ce Juma'a ba ta ƙarewa, kowane mako akwai wata. Wallahi na fito ina sha'awar zurfin ilimin mutumin.

Daga can na sauka a shagon shayi na bakin tasha, inda ake warware duk abin da ya gagari majalisa. Na tarar da Malam Welayudan, tsohon malamin lissafi da ya koyar da rabin garin nan ya kuma zane sauran rabin, da Ausef mai shagon hoto. Na ba su labari.

Malam ya ajiye jarida. "Ai kai ne ka yarda aka sa maka takunkumi. Akwai manhajar da mutanen duniya suka taru suka gina, sunanta Linuks. Ba ta da ubangida. Kowa na iya duba cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba lasisi, ba ko rupi ɗaya."

Na ce, "Malam, abin da ba a biya, wa zai ci a ciki?"

"Ba kowa."

"To shi ya sa ban taɓa jin sunanta a ofis ba. A ba ni ita."

Ausef ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Wacce daga ciki? Ai iri-iri ce, Yaya. Wasu suka yi tasu, aka yi saɓani, rabinsu suka ɓalle suka yi wata. Waɗanda suka ɓalle su ma suka rabu biyu, kowa na cewa shi ne na asali."

Na ce ashe jam'iyyun garinmu ne aka zuba a kwamfuta. Malam bai yi dariya ba, don shi kansa jam'iyyarsa ta rabu sau uku kuma duk ukun yana cikin ɓangaren da ya fi ƙanƙanta. Ya ce tasa ita ce tsantsa: ba hoto, ba kwalliya, baƙin allo ne kawai, kai za ka rubuta mata umarni da hannunka, ta haka mutum ke sanin shi ɗa ne ba bawa ba. Ausef ya ce ita wannan sai wanda ba shi da mata ko aikin yi. Suka kaure da musu har mai shayi ya rage rediyo don ya ji da kyau.

Ni kuwa kalmar 'yanci ta riga ta shige ni. Mutumin da ya yini yana cewa ranka ya daɗe, in aka ce masa ga 'yanci a filashi, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ba ya tsayawa tambaya. Na bi Malam gida.

Sai da Subaida ta kwashe hotunan kwalabenta da sunayen masu saye ta adana a wani wuri kafin ta bari muka taɓa kwamfutar, don ta ce ta san aikin maza biyu masu ra'ayi. Ranar Talata muka share komai, har da murmushin Mai Girma, muka zuba ta Malam. Allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan farin layi yana ƙyafta mini ido.

"Ga shi nan," in ji Malam. "Yanzu kai ke mulki."

Na yi mulki har la'asar. Na rubuta umarni, ta ce ba ta san shi ba. Na sake, ta ce ba ni da izini. A gidana, a kan tabarmata. Malam ya ce na manta wata alama ce, ya karɓa ya rubuta da kansa, shi ma ta ce masa ba ta san shi ba, ya ce wannan ƙaramin abu ne, gobe zai zo da littafi. Intanet ba ta kama ba, firinta ta yi kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

Subaida ta dawo daga wurin yankan mangwaro, hannunta duk jan barkono, ta leƙa. "Ina kwamfutar?"

"Ga ta. 'Yanci ne wannan."

"To 'yancin ya iya buga takardar kwalba?"

Malam ya fara bayanin tarihin gwagwarmaya. Ta saurare shi da ladabi, don ya koyar da ita a aji huɗu, ta kawo masa shayi da soyayyar ayaba, ta raka shi har ƙofa. Da ta dawo ta kwashe kofuna, ta yi mini wani kallo. Ni da na shekara talatin da ita na san wannan kallon, na gwammace layin ofis.

Washegari ta tafi shagon Ausef da kanta. A can ta gano abin da mu masana ba mu gaya mata ba: ana iya ɗora manhajar a filashi a gwada ta tukuna, ba tare da an zuba ta a kwamfuta ba, kamar yadda ake ɗanɗana miya kafin a sauke. Ta sa ya zuba mata iri uku, har da ta Malam don kada a ce an yi masa rashin adalci. Da yamma ta tara matan ƙungiya da Malam da Ausef a barandarmu, ruwa na zuba, ta ce za a yi zaɓe.

Alƙaliyar zaɓe ita ce Inna Kadisu, wadda ta girme su duka, idonta ɗaya ya yi hazo, kuma ba ta taɓa yarda da wata na'ura ba in ban da injin markaɗe. Sharaɗin Subaida mai sauƙi ne. Inna za ta zauna ita kaɗai, ta nemo hoton kwalba, ta rubuta sunan acar da harshenmu na Malayalam, ta buga shi a firinta, ta kira jikarta ta bidiyo. Manhajar da ta bar ta ta yi wannan ba tare da ta kira wani namiji ba, ita ta ci.

Aka fara da ta Malam. Inna ta dubi baƙin allon, ta jira, ta sake jira. "An ɗauke wuta ne?"

"Umarninki take jira, Inna," in ji Malam.

"To ta kawo hoton."

"Sai kin rubuta."

"In zan rubuta mata komai da kaina, ita mene ne aikinta? Irin wannan 'yar aikin na taɓa yi, kwana biyu na sallame ta."

Ta biyu kyakkyawa ce, ta Ausef, komai na walƙiya yana shawagi. Sai dai tsohuwar laftof ɗinmu ta kasa ɗaukarta, ta fara huci, fankarta na kuka kamar babur a kan tudu. Inna ta nemi inda aka ɓoye hotuna ta rasa, ta ce wannan amarya ce, a kai ta gidan masu kuɗi.

Ta uku sunanta Mint. Ausef ya ce ma'anarsa na'a-na'a, matan suka ce ko ba komai mai wannan suna ya taɓa shiga kicin. Ta buɗe ba jan rai. Maɓallin farawa yana ƙasa a hagu, inda hannun kowa ya saba zuwa. Inna ta ce rubutun ya yi ƙanana, Subaida ta laluba ta ƙara masa girma. Inna ta dangwala da yatsa ɗaya, a hankali, tana zagin linzamin kwamfutar, har ta nemo kwalbar. Firinta da ta yi mana gaba jiya ta yi tari sau ɗaya ta turo takarda. Da fuskar jikarta ta fito a allo daga birnin Kozikod, Inna ta manta da mu gaba ɗaya, ta shiga yi mata faɗa a kan rashin sa mai a gashi.

Aka ce a ɗaga hannu. Duk suka ɗaga wa na'a-na'a. Malam ya ce bai yarda ba, an yi amfani da kwalliya an ruɗi talakawa, a sake ƙirga. Aka sake, ya ƙara faɗuwa, don a karo na biyu har da hannuna. Masu karatu, na yi shekaru ina jefa ƙuri'a a garin nan, wannan ne zaɓe na farko da na ga an ƙirga a gaban kowa, an gama kafin magariba, kuma wanda ya ci ya fara aiki a ranar.

Ranar Juma'a mai kantin Dubai ya ga matan, ya ga takardar, ya ce a ƙara girman ranar lalacewa, Subaida ta gyara yana kallo. Ya ce a fara turo kaya. Malam bai zo ba, amma ya aiko a tambaya ko Mint ɗin tana da baƙin allo a ɓoye ga mai buƙata. Aka ce tana da shi. Ya ce to ba laifi, za a iya ƙawance.

Labari ya kai ofis. Jiya na ga sanarwa a bakin tasha: Mai Girma, cikin hangen nesansa, ya ƙaddamar da Shirin 'Yantar da Kwamfutocin Mata. Tawaga za ta tafi ƙasashen waje ta yi nazarin manhajar kyauta, da iyalansu don kada kewa ta hana su fahimta. An kuma ba da kwangilar sayo ta. Ɗan kwangilar ya dawo daga Umara, lafiyarsa ta samu.

Na koma wurin Ranka-ya-daɗe, don ni mutum ne mai son ƙaruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, yaya ake sayen abin da yake kyauta?"

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi karatu mai zurfi ba. "A can inda aka yi ta ne take kyauta. Ka san nisan wurin? Kuɗin dako fa? Sito fa? Masu gadi fa?"

Na yi godiya na fito. Ni dai yau da safe na kai wa wata ƙungiyar mata ta ƙetaren kogi manhajar nan a filashi, a aljihun rigata, tare da kuɗin mota da rabin biskit. Ban san kaya mai nauyi haka na ɗauko ba. Ashe shi ya sa tun da rana bayana ke ciwo.