Yadda Za Ka Shafa wa Teburin Surukai Shalak Asirinka a Rufe

Ɗan'uwa, idan lokacin neman aure bakinka ya kuɓuce ka ce wa surukai, "Ai ni aikin katako a jinina yake," alhali ko ƙusa ba ka taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka fita da mutuncinka cif.

1. Karɓi aikin da fara'a

Ranar da surukarka ta nuna maka teburin marigayi mijinta ta ce, "Ɗana, duba mini shi, duk ya dushe," kada ka yarda a ji ƙarar haɗiyar yawunka. Ƙwanƙwasa shi sau biyu, ka kasa kunne kamar likita, ka ce, "Uhm." Gwanaye ba su da yawan magana, balle kai da ba ka da abin faɗa.

2. Zaɓi shalak

Shalak wani ɓarɓashi ne mai kama da busasshen ƙaro, ana narkar da shi a sifirit a shafa wa katako ya yi sheƙi. Iri biyu ne, mai kaki irin na zuma da wanda aka tace masa kakin. Nemi marar kaki, don duk man da aka ɗora a kansa yana kamawa, a kan ɗayan kuwa saɓulewa yake yi. Mai shago zai tambaye ka, "Fari ko ja?" Ce masa, "Kai ma ka sani." Duk wanda ya miƙo, shi kake nufi.

3. Goge da samfefa

Bi tsawon katakon, kada ka gitta. A gefe guda za ka tarar da wani zagayayyen tabo, irin wanda gindin kofin shayi yake bari. Matarka za ta leƙo ta ce, "Maigida, anya kuwa wannan..." Ɗaga mata hannu. Kankare shi tas, ka hure ƙurar, ka yi tsaki irin na masana.

4. Shafa

Kaɗan-kaɗan, sau uku, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Kada ka mayar da burushi inda ka wuce, caɓewa zai yi. Idan ƙuda ya maƙale, ka ce idon katako ne.

5. Mayar mata da kayanta

Surukarka za ta bi teburin da tafin hannu tana sa maka albarka, sai hannun ya tsaya cak. "Ina wurin kofinsa?" Shekara talatin da ɗaya a nan marigayin yake ajiye shi, kullum tana yi masa faɗa, bai taɓa dainawa ba. Tun da ya rasu, in ta shigo ɗakin, wannan tabon take fara kallo. Gaskiya wannan matakin babu daɗi, kuma ban san wata dabarar tsallake shi ba.

6. Dawo da abin da ka goge

Shalak ba ya jure zafi, kuma a nan mafitarka take. Roƙi shayi mai tururi, ɗora kofin a gefen dama, ka ja ta da hira minti goma. Kana ɗagawa za ka ga farin zobe ya fito raɗau. Sai ka ce, "Af, ga shi nan, Mama! Sheƙin ne ya ɓoye shi."

Za ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ɗana, ai marigayi bahago ne."

Za ka kai hannun riga ka goge, ita kuma ta riƙe maka hannu. "Bar shi. Gobe ma ka zo ka sha a nan, ka ajiye a wurin. Teburin ya daɗe babu mai ɓata shi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba kafinta ba ne, kuma ba ruwansa da tabo, kunya, ko ƙwallar da ta cika wa wani ido. Idan ka wayi gari kullum da yamma kana shan shayi a gidan surukai, kada ka zo nemana. Ba za ka same ni ba, ni ma ina can gidan nawa surukan.