Katin Da Na Ɗinka Wa Riga

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗiyata ta fari ba. Ko na so in manta, mutanen Dogo-Dogo ba za su bari ba, don har yau in na sauka daga kabu-kabu a bakin kasuwarsu sai na ji wani daga rumfa ya ce, "Mushe, ya roba?"

Bari in fara da faɗa muku halina, don ku san ba rana ɗaya abin ya same ni ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye cikin Dungas, shi ya sa ake ce mini Mushe, kuma ina da wata cuta: ba na iya ganin takarda tsirara. Ta samo asali ne ranar da matata Zuwaira ta wanke mini wando da kat dantite, katin shaidar ɗan ƙasa, a aljihu, katin ya fito kamar dambu, na yi wata uku ina zarya kafin in sami wani. Daga ranar na zama babban abokin cinikin Lawali mai hoto, wanda yake da injin liƙa wa takarda roba a Dungas. Difulom ɗina, takardar babur, katin allura, takardar aure, duk sun bi ta cikin injin nan. (Zuwaira ta ce da za a iya liƙe ta ita ma, da tuni na kai ta. Ban musa ba.)

To ana nan sai aka ce albashinmu zai riƙa faɗawa banki, kowa ya je Magarya ya karɓi kati. Na je. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini katin da ƴar ambulan, ta shiga bayani. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai, amma idona na kan sunana da aka rubuta a jikin katin da haruffa masu tudu. Tun da nake ban taɓa ganin sunana ya yi kyau haka ba. Cikin duk maganarta abu ɗaya na kama: "Lamba huɗu ce a cikin ambulan ɗin, kada ka manta da ita." Na san ta ƙara wani abu bayan wannan, amma lokacin ina shafa sunana da yatsa.

Ina komawa Dungas na yanki ƴar takarda, na rubuta lambar da jan bik, rubutu manya irin na allo, na ɗora ta a bayan katin, na miƙa wa Lawali.

Ya juya katin, ya dube ni. "Mushe, wannan ai da ma roba ne."

"Roba a kan roba ta fi ƙwari," na ce. "Kai dai yi aikinka."

Ya yi aikinsa. Katin ya fito da ɗuminsa, ya ƙara faɗi, ya ƙara kauri, yana sheƙi. Na ji a raina duk Damagaram babu wanda ya iya adana kati kamar ni.

Sati uku kafin albashi ya faɗa, kuma sati ukun nan ban bar kowa ya huta ba. Na nuna wa abokan aikina, na nuna a majalisar shayi, na nuna wa mai gyaran babur. Katin ya bi hannu hannu, kowa ya duba gaba ya duba baya. Ina cewa, "Zamanin ƙulle kuɗi a lalita ya wuce. Duk albashina yana cikin wannan."

A cikin kwanakin ne Zuwaira ta haihu a gidan iyayenta a Dogo-Dogo, inda ta tafi goyon ciki tun da haihuwar fari ce. Mace, mai gashi, mai hancina sak (Allah ya ba ta haƙuri). Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Na je barka, na durƙusa na gai da surukina Baba Mutari a zaure. Dattijo ne manomin gero da riɗi, ba shi da yawan magana, kullum da reza a aljihu yana gyaran farce. Duk abin da ka faɗa masa amsarsa ɗaya ce: "To, madalla."

Mutum mai hankali zai yi gaisuwa ya tashi. Ni kuwa na zaro kati. Na yi wa surukina darasi cikakke, irin wanda nake yi wa ƴan aji shida, har da maimaitawa inda nake ganin zai yi masa wuya. Na ce masa akwai inji a jikin bango da yake ba da kuɗi ba tare da mutum ba. Ya ce, "To, madalla." Ya karɓi katin, ya juya bayansa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan jan rubutun fa, Mushe?"

"Makullin ke nan, Baba."

"A jikin ƙofar?"

"Don kada ya ɓata."

"To, madalla," ya ce, ya miƙo mini abina.

Albashi ya faɗa ana gobe suna, ranar kuma ta zo daidai da kasuwar Magarya. Baba Mutari ya ce shi ma yana da shiga kasuwa, mu tafi tare ya taya ni zaɓen rago tun da ya fi ni sanin dabba. Na yi murna, don ga damar da zai ga zamani da idonsa. Da gangan ban ɗauki kuɗi ba sai na mota.

A turken dabbobi Baba ya yi ta buɗe bakin raguna yana taɓa gadon bayansu, har ya tsaya a kan wani fari mai baƙin wuya. Aka yi ciniki, mai rago ya sallama a jika saba'in na sefa. Na zaro kati na ɗaga sama yadda na kusa za su gani. Mai ragon ya yi dariya ya ce maƙwabcinsa yana da ƴar na'urar da ake zura kati, amma ta Najeriya ce, naira take ci, ba ta san sefa ba. "Je ka banki ka kawo mini a hannu. Amma da an yi la'asar zan bi motar garinmu, kuma ga wani can tun ɗazu idonsa na kan ragon nan."

Ku lura da halin da nake ciki. Gobe da hantsi za a raɗa suna, an riga an raba goro, dangina suna hanya daga Kwaya. Ragon suna kuwa na uba ne. In aka wayi gari babu rago, ko aka ji kakan jaririya ne ya saya, har yarinyar nan ta yi aure ana ba da labarin. Amma lokacin ko a jikina. Na ce, "Baba, mu je, minti biyar ne."

A ƙofar banki muka tarar da layi har bakin titi, malaman lakwal da ma'aikatan likita, kowa ya zo ɗaukar albashi. Injin yana cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofar gilashi, wato duk abin da kake yi a ciki ƴan layi suna kallo. Muka jira. Wuta ta ɗauke, aka tayar da injin wuta, rezon sadarwa ya tafi, ya dawo. Ni dai ina ta yi wa Baba bayanin kowane mataki, shi kuma yana cewa madalla. Sai da aka yi azahar da daɗewa layi ya zo kaina.

Na gyara wuyan riga na shiga. Na kai katin bakin injin. Bai shiga ba.

Na juya shi. Bai shiga ba. Na kwantar da shi, na karkata shi, na goge shi da gefen riga, na danna da babban yatsa. Katin ya fi ramin faɗi, ya fi shi kauri, ko kusurwarsa ta ƙi shiga. Gardin bankin ya leƙo.

"Mushe, ai sai ka fitar da shi daga gidansa."

"Ba gida ba ne," na ce. "A liƙe yake."

Ya karɓa, ya duba, ya sa farce a gefe, ya sake dubawa. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya ɗaga katin ga ƴan layi ya ce, "Jama'a, shekarata huɗu a ƙofar nan. Na ga wanda ya zura kat dantite, na ga wanda ya yi wa injin sallama ya jira amsa. Amma yau na fara ganin wanda ya ɗinka wa kati riga."

Layi ya ɗauki dariya. Wata ungozoma har da riƙe bango. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ji bakina yana cewa, "Bakin injinku ne ya yi ƙanƙanta." (Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo in na tuna. Da Faransanci ma na faɗe ta, don ta ƙara nauyi.)

Baba Mutari bai yi dariya ba. Ya matso ya karɓi katin daga hannun gardi, ya zauna a kan matakalar banki, ya zaro rezarsa. Kafin ya fara, sai ya sa hannu a aljihun ƴar shararsa ya fito da wata tsohuwar lalita, ya zaro wani abu ya ɗora a gwiwa. Na duba da kyau. Kati ne. Katin banki, ya sha hannu har launinsa ya koɗe.

"Bari in gwada da nawa," ya ce, "kada in taɓa ɗan zinaren nan da ke jikin naka. Shi ne ran katin."

"Baba, naka ne?"

"Nawa ne. Shekara biyar ke nan masu sayen riɗina a Maigatari ba sa ba da kuɗi a hannu, sai dai su turo. Na naira ne, ba zai yi maka amfani a nan ba."

"To me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ga kana jin daɗin bayanin ne."

Ya shiga feɗe robar a hankali kamar mai ɓare rogo. Ta gaba ta fita salin alin. Ta baya kuwa ta kama ƴar takardata, ta fito guntu guntu, jan bik ya dame da danƙo. Ya goge katin da hularsa ya miƙo mini. Ƴan layi, Allah ya saka musu, suka ce in sake shiga, don ba wanda yake so ya rasa ƙarshen kallon.

Katin ya shige sumul. Injin ya nemi lamba.

Na tsaya. Sati uku lambar nan tana aljihuna, na nuna ta ga duniya, amma ban taɓa haddace ta ba. Don me zan haddace abin da na liƙe da roba? Na tuna akwai bakwai a ciki. Na danna wasu huɗu, injin ya ƙi. Na sake jera su, ya ƙi.

"Mushe, tsaya," in ji gardi, yanzu ba dariya a fuskarsa. "In ka kuskure ta uku zai haɗiye katin, kuma ba za ka gan shi ba sai sati mai zuwa."

Daidai nan na ji an fara kiran la'asar daga masallacin kasuwa. Wallahi nan take na fara hango abin da zai biyo baya. Na ga farin ragon nan a bayan motar wani, na ga gwaggonnina sun iso daga Kwaya suna tambayar ina za a yi yanka, na ga Zuwaira tana sunkuyar da kai a cikin ƴan'uwanta. Na ji kunya, na ji tsoro, na ji kamar in zauna a ƙasa.

Sai na ji murya a bayana, a natse. "Huɗu, bakwai, ɗaya, tara."

Na waiwaya. Baba Mutari ne, yana mayar da reza cikin takardarta.

"Baba, ka tabbata?"

Kafin ya amsa, wani abokin aikina daga tsakiyar layi ya ɗaga murya: "Haka take." Wani malamin daga can baya, wanda sau ɗaya muka taɓa shan shayi tare, ya ce, "Ƙwarai, tara ce ƙarshe."

Na danna. Injin ya yi gurnani ya turo kuɗi sababbi. Layi ya ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo. Gardi ya dafa ni ya ce, "Mushe, lambar nan sunanta lambar sirri. Ka taimaki kanka ka canza ta tun kafin a fara koyar da ita a lakwal."

Kabu-kabu biyu muka hau zuwa turke. Mun sami mai rago ya riga ya kwance igiya, ƙafarsa ɗaya a kan mota. Baba ya kama igiyar, ni na miƙa kuɗi. A hanyar komawa ragon yana tsakaninmu a bayan mota yana tauna gefen rigata, ban hana shi ba. Da muka kusa gida Baba ya zaro guntayen robar daga aljihu ya ba ni. "Riƙe, ko za ta yi maka wani amfanin."

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Habsatu, aka yanka rago, aka ci aka sha. Labari kuwa ya riga ni shiga cikin gida. Da na leƙa ɗakin mai jego, Zuwaira tana ganina ta rungume jaririyar ta juya mini baya, tana dariya har da hawaye. "Takardar haihuwarta ka kai wa Lawali in ka so," ta ce. "Ita dai ka bar mini ita haka."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Yanzu kafin in buɗe baki in yi wa dattijo darasi, sai na fara tambayarsa ko ya san abin, kuma in na ji ya cika cewa madalla sai in yi shiru in binciki kaina. Lambar kuwa na canza ta a satin. Mutum biyu kaɗai suka san sabuwar, ni da Baba Mutari. Shi na faɗa masa ne da kaina, a zaure, a durƙushe, saboda ranar da zan sake mantawa.