Yadda Mangwarona Ya Zama Maɗacin Mai Girma

Yau da safe 'yar cikina ta kore ni daga gindin mangwarona. Ba zolaya nake yi ba, jama'a. Na fito da kofin shayina da 'yar kujerata, kamar yadda na saba tun kafin gashin kaina ya fara ƙaura, na ɗaga ƙafa zan tsallake wayar da aka kewaye itacen da ita, sai na ji an ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, nan wurin hukuma ne." Ina waiwayawa sai ga Sigele cikin koriyar riga mai tambarin ganye, da usur rataye a wuya. Yarinyar da nake ɗorawa a bayan keke in kai ta rigakafi. Kanta a sunkuye ta yi maganar, amma dai ta yi ta. Na janye ƙafata, na ja kujerata na koma bakin kwata na zauna a rana.

Maƙwabcina Che Mdoka, mai gyaran kekuna, yana kallon komai daga rumfarsa. Ya ƙyalƙyale da dariya har sai da abin hura tayarsa ya suɓuce. Ya ce, "Che Bwanali, ai ka gode wa Allah. Mu sai mun je ofis ake wulaƙanta mu, kai kuwa har gida ake kawo maka naka."

Bari in faro muku daga tushe. Sigele ta karanta ilimin kare muhalli a jami'a. Shekarun da ta yi tana can, ni da uwarta Abiti Ajasi mun ci tuwon nsima da ganyen kabewa har muka manta kalar kifi, ga tafki kuwa a bayan gari. Ba mu damu ba, don kullum rediyo yana gaya mana ayyukan gobe duk na muhalli ne, wai duniya kaf neman irin su Sigele take yi ido rufe. Da ta gama muka zauna jiran duniya, duniya ba ta zo ba. Duk tallar aikin da ta gani, ana neman sabon ɗalibi, ɗanye shakaf, wanda kuma ya yi shekara da shekaru yana aikin. Ni dai har yau ban gane a wace mahaifa ake fara irin wannan aiki ba.

Daga ƙarshe Allah ya taimake ta, Hukumar Koren Gobe ta ɗauke ta sanin makamar aiki. Ba albashi, ba kuɗin mota, amma an ba ta riga. Muka yanka kaza.

Kada a ce ban yi adalci ba, yarinyar ta koyi abubuwa. Ta koyi wane darakta ne ke shan shayi da madara, wane ne likita ya hana shi sukari amma yake so a zuba a ɓoye. An tafi da ita babban taron yaƙi da robobi a wani otal na bakin tafki, inda aikinta shi ne jera wa mahalarta ruwan roba a kan tebura, in sun sha rabi ta kwashe ta kawo sabbi. Aikin fili kuwa, a layin mai ta yi shi. Ita ake turawa da jarka ta kama wa janareton ofis layi, don a samu wutar da za a nuna wa baƙi hotunan amfanin hasken rana. Sau da yawa a can muke haɗuwa, ni da jarkar kalanzir ɗina, ita da ta hukuma, mu gaisa kamar ma'aikata biyu.

To, a shekarun baya, ana daf da zaɓe, Mai Girma Uban Dazuzzuka, Garkuwan Ganye, Inuwar Marasa Inuwa, ya taɓa zuwa unguwarmu dasa itace. A filin da ke tsallaken titi, daura da ƙofar gidana, aka yi bikin. Sai da aka sare itatuwan da ke wurin tukuna don a samu inda za a kafa rumfuna da inda motoci za su tsaya. Mai Girma ya sa farar safar hannu, aka miƙa masa shebur mai ƙyalle a wuya, ya dasa ɗan tsiron maɗaci guda, ya shayar da shi ruwan roba mai sanyi. Aka yi tafi, aka kafa allon siminti mai ɗauke da sunansa da sunan itacen. Kafin a gama kwashe kujeru akuyar Che Mdoka ta cinye tsiron. Har gobe yana alfahari da ita, wai a duk garin nan ita kaɗai ce talakar da ta taɓa cin aikin gwamnati kai tsaye. Allon dai ya zauna daram, mata suna shanya ƙananan kifin usipa a kansa.

Kwatsam bana sai ga labari: Mai Girma zai dawo, da baƙi masu ba da tallafi daga ƙetare, don su ga yadda itacensa ya girma. Ashe duk shekarun nan rahoto yana tafiya sama cewa maɗaci yana nan lafiya lau, har tsuntsaye sun yi sheƙa. Hankalin ofis ya tashi. Ubangidan Sigele, wato Ranka Ya Daɗe Mataimakin Muƙaddashin Darakta, mutum mai fara'a da tumbi, ya zo duba fili da kansa. Ya ga allo, ya ga kifi, ya ga kashin awaki. Ya share gumi, ya ɗaga kai, idonsa ya tsallaka titi ya sauka a kan mangwarona.

Ina zaune a gindinsa muna buga darar bawo da Che Mdoka sai ga shi ya iso. Ya rusuna har ƙasa, yana ce mini Baba, alhali sa'ana ne in ma bai girme ni ba. Bayan doguwar gaisuwa ya warware mini zance. Tunda ba a iya kai itace wurin allo, ai ana iya kawo allo wurin itace. Titi kawai zai tsallaka. Kuma, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, akwai gurbin aiki na dindindin guda ɗaya da za a cike bayan ziyarar, kuma duk ofis ba wanda ake ambato sai Sigele.

Ita Sigele tana tsaye a bayansa riƙe da jakarsa. Cikin ladabi ta tuna masa cewa allon maɗaci ya ce, wannan kuwa mangwaro ne, kuma ko makaho ya shafa gindinsa ya san ya girmi bikin dashen nesa ba kusa ba. Ranka Ya Daɗe ya yi murmushin tausayi. Ya ce, "'Yata, wannan duk karatun aji ne. Yanzu fili kika fito."

Abin da bai sani ba, kuma bai tambaya ba, mangwaron nan sa'an Sigele ne. Ranar da cibiyarta ta faɗi, a nan muka binne ta, na dasa ƙwallon a kai da hannuna. A gindinsa ta koyi tafiya, a reshensa ta karya hannu, a inuwarsa ta yi karatun jarrabawa duk lokacin da ɗaki ya zama tanda. Abiti Ajasi da ta ji zancen cewa ta yi sai dai su ɗaura allon a wuyan uwarsu. Ni kaina zuciyata ta ƙi. Na yi kwanaki ina kewaya itacen kamar wanda ya jefar da allura. Sai wata rana da hantsi Sigele ta same ni ta ce, "Baba, kada ka yarda saboda ni. Zan nemi wani wurin." Ta faɗi haka ne da takalmin da ta cinye wajen neman wani wurin a ƙafarta, duk dunduniyar ta zaizaye. Maganar nan ita ta karya ni. Da yamma na aika wa Ranka Ya Daɗe cewa a kawo allo.

Aka kawo shi a amalanke, yana ƙarnin kifi. Aka kafa, aka shafa wa gindin itacen farin fenti, aka kewaye shi da waya. Da yake lokacin nunar mangwaro ne, aka tara duk ɗaliban sanin makamar aiki, masu digiri a kan ruwa da ƙasa da gandun daji, aka sa su hau su tsinke 'ya'yan kaf don kada asiri ya tonu. Buhunan kuma suka shiga bayan motar ofis, wai za a kai su bincike. Ban taɓa ganin bincike ya sa direba lasar yatsa ba sai ranar.

Ranar ziyara, garin da ya yi makonni ba ɗigon mai ya ga jerin gwanon motoci har ido ya gaji. Duk a kunne aka bar su saboda sanyin ciki, hayaƙinsu yana kaɗa tutocin da aka rubuta wa Mu Ceci Iskarmu. Mai Girma ya sauko, ya tsaya gaban itacen, ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Na ɗauka zai ce wani abu, ko da cewa ne ba a wannan gefen titin ya yi dashe ba. Ina! Sai ya buɗe hannuwa ya rungumi gindin, hannuwan suka ƙi haɗuwa, ya juya ga masu ɗaukar hoto idonsa ya ciko. Ya ce shi kansa ya san hannunsa da albarka, amma bai san ta kai haka ba.

Yana tsakiyar jawabi kan yadda ya riƙa tuna itacen nan a cikin addu'o'insa, sai wani nunannen mangwaro da ya ɓuya can ƙololuwa ya sako kansa, tim, a kan teburin baƙi. Wata baƙuwa mai farin gashi ta ɗauka, ta juya shi, ta gyara tabarau ta karanta allo, ta sake duban abin da ke hannunta. Na ga Sigele ta rufe ido. Ni ma na ce shi ke nan, ga itace ya tafi, ga aiki ya bi shi. Amma ba a banza mutum ke zama Mataimakin Muƙaddashin Darakta ba. Ya matso, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ga irin abin da muke fama da shi. Canjin yanayi ke nan."

Baiwar Allah ta girgiza kai cikin jimami. Aka yi tafi. Na ji ma an ce za a ƙaro tallafi don a gano yadda abin ya faru. Che Mdoka ya raɗa mini cewa in haka ne, bari ya je ya duba akuyarsa, wataƙila ta haifi saniya.

Gurbin aikin fa? An cike shi, ba a yi ƙarya ba. An naɗa Babban Jami'in Kula da Itatuwan Tarihi, wani yaron kirki, ɗan ƙanwar matar Mai Girma, wanda ya karanta harkar otal. A babban birni yake zaune, don an ce rana ba ta karɓar fatarsa. Ita kuwa Sigele, saboda ƙwazonta, an tsawaita mata sanin makamar aiki, an ƙara mata da usur, an ce ta wakilce shi a bakin itace. An kuma gaya mata akwai wani gurbin yana tafe in kasafi ya fito, amma duk ranar da motar ofis ta wuce aka ga mutum a cikin wayar nan, ko wane ne, to ta manta da shi. Ko wane ne ɗin nan, ai kun san da wa ake.

Don haka ban riƙe ta a zuciya ba da ta kore ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na ga idonta, na san nata ciwon ya fi nawa. Kuma a yaba wa hukuma inda ta yi abin yabo. Yanzu 'yata ba ta biyan ɗan kabaza ya kai ta ofis a keke, daga tabarma sai wurin aiki. Sannan a tarihin garin nan, wannan ne dashen gwamnati na farko da ya fi ƙarfin akuya.

Ɗazu bayan azahar ina kwance a zaure sai ta leƙo ta ce in zo. Ta zaga da ni bayan gida, can ƙuryar da ke bayan masai, inda ko kaji ba sa son zuwa. Ta riga ta haƙa rami. A gefe ga wani tsohon gwangwani, da ɗan tsiro mai jajayen ganye a ciki. Ashe ƙwallon mangwaron nan da ya faɗo kan teburin baƙi ta tsince bayan an watse, ta yi ta renonsa ba wanda ya sani.

Ta ce, "Nan ba motar da za ta hango shi daga titi. Kuma ba Mai Girman da zai yarda a ɗauke shi hoto a nan."

Na dubi tsiron, na dubi gwiwoyina. Na ce mata anya zan kai lokacin da zai yi inuwar da zan sa kujera? Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da tura ƙasa da hannu, sai dai na ga tana share fuska da kafaɗa.

Ta ce, "To ka daina surutu ka ɗebo ruwa, Baba, yana jiranka."

Na ɗebo. Muna cikin shayar da shi sai ga akuyar Che Mdoka ta leƙo ta kan danga, da alama ta ji ƙamshin sabon aiki. Sigele ta busa mata usur ɗin hukuma, akuyar ta arce. Tun da aka ba ta usur ɗin nan, yau ne ya fara yi wa muhalli amfani.

Na ji a rediyo Hukumar Koren Gobe za ta ɗauki sababbin ɗalibai, don Mai Girma ya yi dashe a garuruwa da dama kuma duk yana so ya kai musu ziyara. In kana da ɗa mai sha'awa, kada ka wahalar da kanka da zancen sakamakon jarrabawa. Fita ƙofar gida ka duba ko kana da babban itace.