Kallabin Gwaggo a Cikin Injin Gimbiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Sani ba, ko da na so in manta, domin mutanen gidanmu sun ɗau nauyin tuna mini safe da yamma.

Bari in fara da Gimbiya. Gimbiya ba mutum ba ce, motar Kawu Bala ce, ƙanin Innarmu. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus, mai kujerun fata, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Kawu tsohon direba ne, daga hannun wani babban ma'aikaci da ya gaji da lalurarta ya saye ta. Duk unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi babu motar da ake kallo kamarta. Idan ta fito, har kaji sukan tsaya su ba ta hanya cikin ladabi. (To, wannan na ɗan ƙara gishiri, amma kaɗan.)

Da aka sa ranar auren Yaya Sani da Luba, 'yar Argungu, Kawu ya bugi ƙirji ya ce Gimbiya ce za ta ɗauko amarya. Ni kuma, ranar da muka je gaida surukai, na keɓe Balki, ƙanwar amarya, na shaida mata cewa ni ne injiniyan motar. Gaskiyar magana, aikina bai wuce wanke taya da miƙa sifana ba.

"Kai ɗin?" in ji Balki, tana kallona daga sama har ƙasa. "Mu dai ku kawo muna ita da ƙahwahunta. In ta mace ƙohwar gidanmu, kai za mu ɗaura wa igiya ka ja."

Na ce ta zuba ido, za ta gan ni a gidan gaba.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Kawu ya murza makulli da safe, sai muka ji ƙaras, kamar an zubar da cokula a kwano. Gimbiya ta yi shiru. Kawu ya buɗe murfin kan inji ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Sarƙar taimin ce ta tsinke, wato sarƙar da ke haɗa saman inji da ƙasansa don su riƙa juyawa tare. Aka ce a kai gareji, ya ce ko kusa, ba zai bar yaran gareji su taɓa masa Gimbiya da hannun da suka ci ƙosai ba. Ya hau mota ya je Sakkwato ya sayo sabuwar sarƙa da 'yan ƙarafan da suka lanƙwashe, muka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro a ƙofar gida, muka buɗe namu garejin.

Ku zo ku ga injiniya! Na shafa baƙin mai a goshi da gangan, na soke sukundireba a aljihun baya. Duk yaron da ya matso sai in daka masa tsawa in ce aikin manya ake yi.

Wajen haɗa bakin sabuwar sarƙa akwai wani ɗan ƙarfe ƙarami, bai kai farce ba. Idan ya suɓuce ya faɗa ramin da sarƙar ke bi, sai an kwance inji kafin a gan shi. Saboda haka akan toshe ramin da tsumma tukuna. Kawu ya ce, "Tahi cikin gida ka samo min tsumma. Mai tsabta hwa! Ƙasa ko ƙwaya guda tash shiga, mun kashe ta."

Na ruga ciki. Gidan cike yake da ƙyallayen ɗinkin biki, don duk matan dangin ango da na amarya sun yi anko, atamfa kore mai zanen kifi ruwan ɗorawa. A kan igiya na ga wani ƙyalle, ba ɗinki ba komai, tsaf da shi. Na ce ragowar tela ce. Na fizgo na kawo, Kawu ko kallo bai yi ba ya cusa a ramin, har ya yaba mini.

Muna cikin aiki sai muryar Gwaggo Hajo ta tsaga gidan. Gwaggo yayar Babanmu ce, ita ce shugabar masu ɗauko amarya, kuma idan ta yi magana a Nassarawa, can garin Ambursa ake amsawa.

"Wa yaɗ ɗauke min kallabi? Yanzun ga ni shanya shi!"

Na dubi ramin, ga kifi ruwan ɗorawa yana iyo cikin baƙin mai.

Mai hankali a nan zai fito ya faɗi gaskiya ya sha ranƙwashinsa. Ni kuwa na yi shawara da kaina cewa idan an gama zan zare shi in binne a bayan gida. Aka haɗa sarƙa lafiya, aka daidaita alamomin taimin. Da aka kira azahar Kawu ya tafi alwala, ya ce in cire tsumman in ɗora murfi kafin ya dawo. Na kama bakin ƙyallen ke nan sai ga Gwaggo ta fito zaure tana bincike, ta nufo ni kai tsaye. Ban san lokacin da na sa sukundireba na danna shi can ƙasa na kifa murfi ba.

"Kai, ba ka ga kallabina ba?"

"Wane iri, Gwaggo?" (Har da gyara murya.)

Kafin ta gama zagaya motar Kawu ya dawo ya ɗaure kusoshi tamau. Na lallashi zuciyata da cewa injin da ke tauna ƙarfe ai ƙyalle ba zai gagare shi ba. Aka tayar, Gimbiya ta ɗauka lafiya lau, yara suka yi ihu, ni ma na yi, amma nawa na daban ne.

A cikin gida kuwa bincike ya ƙare a kan bunsurun Gwaggo, wanda dama ya taɓa cin gefen zanen Inna. Aka same shi a ƙarƙashin igiya yana tuƙa, fuskarsa kamar ta marar gaskiya. Gwaggo ta yanke hukunci nan take: tunda ya ci anko, to ya shiga tukunyar biki. Aka yanka shi. Kada ku tambaye ni ko na ci naman. Na ci, har na nemi ƙari, don kada a zarge ni.

Ranar ɗaukar amarya muka kama hanyar Argungu, ni a gidan gaba na sa hannu a taga, Gwaggo a baya da wani jan kallabi da bai dace da komai ba, tana ta tsine wa marigayi bunsuru. A hanya wata 'yar jar fitila ta riƙa ƙiftawa a gaban Kawu. Ya ce tsufa ne. Na ce ƙwarai kuwa, tsufa ne.

Muka isa, unguwa ta cika. Aka yi ta ja-in-ja da ƙawayen amarya kamar yadda aka saba, aka fito da Luba lulluɓe tana kuka, aka zaunar da ita a kujerar fata. Na sami Balki a cikin taro na ɗaga mata gira. Kawu ya murza makulli. Gimbiya ta yi tari, ta yi gurnani, ta yi wani irin kuka kamar an shaƙe rago, sai ta yi tsit.

Masu guɗa suka haɗiye guɗarsu. Wani tsoho daga dangin amarya ya ce, "Mutanen Birni, ko mu kawo muku jirgin ruwa?"

Kawu ya tuɓe babbar riga, ya ce, "Injiniya, sifana!" Na miƙa. Ya kwance murfi, ya leƙa, ya sa yatsu biyu ya kamo wani abu da ya nannaɗe a haƙoran sarƙa. Ya ja. Abu ya biyo. Ya ƙara ja, abu yana ta fitowa kamar hanjin saniya. Ya ɗaga shi sama, ya matse man, ya ware. Duk da baƙin da ya yi, ga kifi nan, rabi da kwata. Matan da ke wurin kowa ta dubi zanen jikinta, sannan suka juya gaba ɗaya suka dubi jan kallabin Gwaggo.

Gwaggo ta fito daga mota a hankali. Ban taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa ba sai ranar.

"Bala, bunsuruna shina gyaran mota?"

Kawu ya juyo, ni kawai ya nuna da sifana.

Jama'a, dariyar da aka yi, na tabbata har kifayen gulbi sun ji. Amarya da kanta, wadda aka ce ta kwana tana kuka, sai ga mayafinta yana girgiza. Balki ta durƙusa ƙasa tana riƙe ciki tana cewa a kawo igiya. Gwaggo ta kama kunnena na dama ta zagaya motar da ni, tana tambayata naman wa na ci. Na so ƙasa ta buɗe, amma ƙasar Argungu ma kallo take yi.

Kawu ya ce ba za a sake tayar da Gimbiya ba sai an juye baƙin mai an tsince zaren kallabin da ya toshe masa hanya. Haka aka ɗauki amaryar Yaya Sani a gaban a-kori-kurar wani mai fataucin albasa, mata suka cika bayanta suna waƙa suna share hawaye. Aka ɗaura wa Gimbiya igiya a gindin motar albasar aka ja mu har Birnin Kebbi. Alkawari dai ya cika, a gidan gaba na dawo, sai dai kunnena ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Gimbiya ta warke, ni na kwanta ƙarƙashinta na tsince zaren kaf. Yaya Sani ya huce bayan ya ga amaryarsa ta shigo gida tana dariya. Gwaggo kuwa ta sa ni kiwon awakinta duk hutun nan, wai in nemi gafarar dangin mamaci. Har yau idan na dawo daga makaranta, sai in ji Luba daga ɗakinta tana cewa, "Ku kwashe shanya, Injiniya ya dawo!"

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka cusa a cikin inji zai fito, kuma ba ya fitowa sai mutane sun taru. Sannan idan an aike ni neman tsumma yanzu, rigata nake cirewa.