Yadda Za Ka Auna Gudun Ɗan Doki Ka Burge Surukinka

Kai da surukinka ke amsa gaisuwarka da hanci, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin a cire albasar bana sunanka zai zagaye bakin ruwa daga Wara har Yelwa. Ba da ka nake faɗa ba. Maƙwabcina Sallau ya gwada, ga shi har yau ana zancensa.

Mataki na 1: Samu surukin da ya rena ka

Sallau bai sha wahala a nan ba. Tun da ya auri Zulai'atu, mahaifinta Alhaji Sule, dillalin albasa a Wara, bai taɓa neman shawararsa ko a kan gishiri ba. In manya na magana a zaure, Sallau ake aika ya dubo ko an dama fura. Abin na ci masa rai ƙwarai. Burinsa guda ne a duniya, wata rana Alhaji ya juyo ya tambaye shi abin da ya gani.

Sai dama ta samu. Alhaji na da 'yan dawaki biyu, baƙi mai suna Akawal da wani Bidi mai dabbare-dabbare. Zai riƙe ɗaya don sukuwar kaka, ya sayar da ɗayan, ya rasa wanne.

Mataki na 2: Ɗaure fuska, ka zaro waya

Kada ka kuskura ka ce doki "yana da gudu". Wannan kowace tsohuwa ta iya faɗa. Kai maki za ka ba shi.

Sallau ya tarar da Alhaji yana duba haƙoran dawakin da faɗin ƙirjinsu. Ya durƙusa, ya yi gyaran murya, ya ce ai Baba wannan dubawar dauri ce, yanzu duniya agogon waya take dannawa, a yi lissafi, maki ya fito. Alhaji bai gane ba, don haka ya gyaɗa kai. Riƙe wannan da kyau: abin da mutum bai gane ba, girmama shi yake yi.

Mataki na 3: Zaɓi fili

Sallau ya ce a riƙa tashi daga gindin wata kuka a ƙare a bakin tafki. Hujjarsa, layin da mutum ya ja da sanda ana iya maguɗinsa, amma bakin ruwa Allah ya shata shi. Lukman, mahayin Alhaji, ya ce shi dai nasa hawa ne.

Mataki na 4: Kada ka ɓata lokaci kan dokin da ba ya girmama ilimi

An fara da Akawal a farkon damina. Yana dawowa ya kai wa Sallau cizo a kafaɗa, ya yaga masa rigar Juma'a. Nan take lissafi ya ba shi maki arba'in, ba a sake auna shi ba.

Bidi kuwa ɗan albarka ne, kowace ranar kasuwa sai an gwada shi. Kuma ikon Allah, kullum lokacinsa raguwa yake, makinsa na hawa kamar farashin man fetur. Ranar da ya haura casa'in, Alhaji ya juyo a gaban jama'a.

"Malam Sallau, mi ka gani?"

Sallau ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Ya ce a sayar da Akawal. Aka sayar wa wani manomi daga Shanga mai suna Elijah, ya ja abinsa yana murmushi.

Mataki na 5: In ka gano gaskiya, haɗiye ta

Bayan an yi ciniki da 'yan kwanaki, Sallau ya nemi dutsen da yake zama a kai yana danna waya, bai gan shi ba. Ruwa ya shanye shi. Ya waiga wajen kuka, ya ga ta matso kusa ainun. Ashe tun da damina ta kankama tafki ke cika, bakin ruwa na tahowa sannu-sannu, fili na guntulewa. Bidi bai ƙara gudun komai ba. Mutumin da aka haifa a bakin tafkin nan na Kainji, wai shi ne ya manta ruwa na tafiya!

Ranar ya kasa cin tuwo, ya ce wa Zulai'atu zazzaɓi ne. Har ya kama hanyar gidan Alhaji da niyyar faɗin gaskiya. Yana shiga zaure Alhaji ya matsa masa a kan tabarma, ya miƙa masa ludayin fura kafin kowa. To, kai ne za ka iya? Sallau ya sha furarsa, ya ƙara wa Bidi maki biyu.

Mataki na 6: Ranar sukuwa, tsaya inda akwai hanyar fita

Gaskiya Bidi ya tashi da kyau. Ya yi iyakar ɗan gudun da ya saba, sai ya ɗaga kai yana neman ruwa, don a saninsa nan ake tsayawa. Da ya hango tafki can gefe, ya bar fili, ya keta ta tsakiyar masu bandar kifi, mata na watsewa, ya faɗa ruwa da Lukman a bayansa. Ya tsaya yana jiran yabo.

Akawal ne ya zo na ɗaya. Elijah, mutum mai ladabi, ya zo har gaban Alhaji ya yi godiya, ya ce a miƙa gaisuwarsa ga malamin lissafi.

Mataki na 7: Karɓi ladanka

Sallau ya shirya wa zagi, har ya shirya wa a ce Zulai'atu ta dawo gida. Alhaji bai ɗaga murya ba. Washegari ya sa aka kira shi, zaure cike da mutane, ya ɗora masa linzamin Bidi a hannu.

"Malam Sallau, doki sai wanda ya san darajatai. Na ba ka shi."

Jama'a suka yi ta sa wa Alhaji albarka. Sallau ya durƙusa ya yi godiya, don ba yadda zai yi. Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a sayar da ita, ba a kuma barin ta ta rame. Bidi kuwa a fagen ci makinsa na gaskiya ne. Yanzu safe da yamma za ka ga Sallau da lauje a bakin fadama, kowace Juma'a kuma Alhaji na aiko mutum ya gaishe da dokin, ya shafa haƙarƙarinsa.

Gargaɗi

Ni dai suna na yi maka alkawari, ban ce wane iri ba. In tafki ya matso, ko mahayi ya jiƙe, ko aka ba ka doki, babu ruwana, kada ka zo ƙofata. In ma ka zo ba za ka gane gidan ba, don Bidi ya cinye dangar.