Mutum-mutumin Ƙarfe da Dorinar Hodi

Jama'a, da ciwon kafaɗa nake yi muku rubutun yau, domin ni da wasu bayin Allah muka tura motar kasuwa daga bayan Ambursa har muka hango Argungu. Mai ne ya ƙare mata. Direban ya rantse mana cewa ya sha layi a Birnin Kebbi har ƙafarsa ta kumbura, da ya iso bakin famfo sai aka ce ragowar an keɓe wa motocin bukukuwan mulkin kai. Ban yi gunaguni ba. Wa zai so motar babban mutum ta mace a hanya muna cikin murnar 'yanci? An ce yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, ga shi kuwa na ji nauyinta har cikin ƙashin bayana.

Maƙwabcina Hodi ne ya ja mini wannan tafiya. A Nasarawa muke zaune katanga ɗaya, ni ina sayar da albasa, shi yana noman shinkafa a fadamar Zauro. Bana shinkafarsa ta yi kyan da bai taɓa gani ba, sai wata dorina ta gano hanyar gonar. Takan fito daga gulbi ta ci, ta tattake abin da ba ta ci ba, ta koma. Kashe ta sai da izinin manya, izinin kuma yana hannun wani bawan Allah da zan kira Ranka Ya Daɗe Magajin Gobe, don duk wanda ya je gabansa da kalmar "gobe" yake dawowa. Saboda haka Hodi ya tare a bakin gona, yana dukan garwa yana ihu har muryarsa ta dushe. Shinkafar nan ita ce abincin gidansa na shekara, ba shi da wata gonar.

Sai majigi ya zo gari. Kun san majigi ba ya zuwa banza. Ko dai a koya mana haƙa salga, ko tafasa ruwa, ko yadda ake jefa ƙuri'a, tafinta kuma yana tsaye da lasifika yana fassara mana darasi. Abin da na ji daga baya shi ne an yi musayar gwangwanin hotunan majigi a hanya: hoton da aka shirya mana na kashe sauro ya tafi wurin shaƙatawar Turawa, nasu na nishaɗi ya zo mana. Da farin ƙyalle ya haska sai ga wani dodo ya ɓullo daga cikin ruwa, ya fi rimi tsawo, yana taka benaye kamar tukwanen ƙasa. Tafinta ya leƙa takardarsa, babu dodo a ciki. Amma ma'aikacin hukuma ba ya cewa bai sani ba, sai ya gyara murya ya ce wannan gargaɗi ne ga masu zama kusa da gulbi. Da wani ƙaton ƙarfe mai fitila a ido ya fito ya rungumi dodon da kokawa, tafinta ya rasa sunan da zai ba shi, ya ce wannan shi ne mutum-mutumin ƙarfe, kuma manya suna tafe da irinsa.

To, nan aka samu matsala. A wurin manomin shinkafa, mutum-mutumi abu ɗaya ne, wato tsumman da ake rataya wa sanda a tsakiyar gona don korar ɓarna. Hodi ya damƙi hannuna ya ce, "Malam Illo, ka gani ko? Dorinata ta wagga. Kukanmu ya kai. Mutum-mutumi za a raba ma manoma, na ƙarhe, wanda ba shi barci."

Na ce masa ni dai ban ga shinkafa ko ƙwaya ɗaya a hoton ba. Ya ce ai dodon ya riga ya cinye. Na ga maganarsa ta fi ta tafinta ma'ana.

Da ya ji motar majigi ta wuce Argungu tare da Magajin Gobe, sai ya ce lalle ya bi su, a fara da gonarsa kafin masu uwa a gindin murhu su kwashe. Ya bar garwarsa a bakin fadama ba mai buga ta. Na bi shi ne don kada ya tafi shi kaɗai, kuma, in faɗi gaskiya, don ni ma ina so in ga ƙarshen abin.

Tunda har manya sun ɗauki aniyar kare bil'adama daga dodannin majigi, bari in ba da tawa shawarar, ta mai albasa, ko da ba a nema ba. Don Allah kada a sayo mutum-mutumin da ke shan mai. Ranar da dodo zai fito, ƙatonmu yana can a layi bayan motocin biki, ƙarshenta mu za a kira mu tura shi zuwa fagen yaƙi. A nemo mai cin ƙaiƙayi ko bawon albasa, ni zan ɗauki nauyin kalacinsa. Kuma kada a yarda a naɗa masa rawani. Na ga mutane masu ƙarfi da kuzari da aka ba sarauta, daga ranar ba su ƙara sunkuyawa ba sai a gaban akushi. Ƙarfe ma in ya ji ana ce masa ranka ya daɗe, zai nemi maga-takarda, ya ce dodo ya dawo bayan salla.

Na kuma lura dodannin nan benaye kawai suke nema. Ban ga wanda ya tsaya rushe bukkar kara ba. Wannan ya kwantar mini da hankali game da unguwarmu, amma ya tayar mini da shi saboda Wazirin Kwamiti da Ubandawakin Za-a-duba, waɗanda Allah ya buɗa musu cikin 'yan watannin nan har suka ɗora ɗaki a kan ɗaki. Ina jin tsoron duk mutum-mutumin da aka kawo a ƙofar gidajensu zai ƙare da gadi. Idan haka ne, a taimaka a juya fuskarsa ta dubi cikin gida, wataƙila ya gano inda simintin rijiyarmu ya shiga. Sannan a yi haƙuri a bar shi ya yi aiki kafin a yi bikin ƙaddamar da shi, don duk abin da aka yanka wa ƙyalle a ƙasar nan, a ranar yake yin ritaya. Babban abin da nake roƙo shi ne kada a koya masa Hausa a ofis. Ya koya a kasuwa ko a bakin gulbi, inda gobe take nufin ranar da ke bin yau.

A Argungu mun samu ganin Magajin Gobe bayan mun ga rana ta tashi daga wannan bango ta koma wancan. Ya saurari Hodi da fara'a, Allah ya saka masa. Bai ce akwai mutum-mutumi ba, bai kuma ce babu ba, domin zaɓen majalisar gari ya kusa. Ya ce maganar tana gaban kwamiti. Hodi ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, in ƙaton bai samuwa yanzu, a ba mu izni mu kira maharbi. Shinkahwa ta nuna, kwana kaɗan sunka rage a yanke." Sai aka ce masa dorina dukiyar sabuwar ƙasa ce, baƙi za su zo kallonta, ya dawo gobe.

Ba mu samu motar komawa ba sai washegari, ita ma rabin hanya a kafaɗarmu ta zo. Muka sauka a Zauro muka gangara fadama. Ba sai na ja muku rai ba. Gonar ta zama kamar masussuka, sawun ƙafa ko'ina kamar an kifa turame, garwar ma an take ta ta lotse. Hodi ya tsuguna yana tsintar zangarniyar da ta tsira yana zubawa a hularsa, hular ba ta cika ba. Na ji kunya ƙwarai, domin ni na san wasa ne tun a gaban majigi, na biyo shi ina dariya a ciki. Bai zagi kowa ba. Ya ce dai bana sai ci-rani, kuma bai san da bakin da zai gaya wa Sadatu, matarsa, ba.

Muna hawowa tudu ya waiwaya ya dubi gulbi ya ce, "Ita dai ba ta taɓa ce mini gobe ta ƙi zuwa ba."

Ina roƙon masu shirya akwatunan zaɓe, kada su kuskura su liƙa hoton dorina a jikin ko ɗaya. Na san mutum biyu a Nasarawa da hannunsu zai iya kuskurewa ya jefa mata ƙuri'a.