Kifin Lokotoro da Baƙin da Na Kai Masa

Ba zan taɓa mantawa ba da kifin lokotoro, ko da na so in manta maƙwabta ba su bari ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma sabuwar zuwa ce Yamai daga Tawa, inda kifin da na sani busasshe ne na miya.

Malam, mai gidana (Allah ya jiƙansa, har yau idan na ambace shi sai idona ya cika), kuku ne a gidan wani anasara lokotoro, wato likita. Da lokotoron zai tafi konje, wato hutu, Faransi, sai ya ba shi amanar kifinsa, wani giwan ruwa mai tsawon hannuna, cikin akwatin gilashi. Aka turo shi a kura har tsakar gidanmu. Malam ya ce, "Kifin nan in ya mutu, aikina ya mutu tare da shi."

Tun daga ranar kifi ya rufe baki. Malam zai yanka nama ƙanana kamar yadda aka koya masa, ya jefa kafin ya fita gadin gidan lokotoro, kifi ko kallo. Shi ma Malam abinci ya daina shiga masa. Na gwada ba kifin tuwo, na gwada fura (e, fura, kada a tsallake wannan wajen rubutawa), ruwa ya yi fari fat, na wuni ina sauyawa.

Sai na ce na gano ciwon. Ai ni ma da aka kawo ni garin nan haka na yi, ban iya cin komai ba saboda kewar 'yan uwa. Kaɗaici ke damunsa! Ban gaya wa Malam ba, don kada ya yi mani dariya. Na sauka bakin kogi da ƙwarya, na roƙi masunta 'yan ƙananan kifaye masu rai, na zuba masa su taya shi hira.

Na gama daka na leƙa, babu ko ɗaya. Kashegari na kawo wasu, su ma haka. Ina ɗaga kai sai ga kyanwar maƙwabciyata Hamsatu zaune bisa katanga tana lasar hannu. Hamsatu Bazabarmiya ce, ita ta nuna mani kasuwa da hanyar kogi, amma ranar ban tuna da wannan ba.

"Hamsatu! Kyanwarki ta cinye baƙin kifin lokotoro!"

"Baƙin wa?" in ji ta.

Faɗa na yi sosai, har matan unguwa suka cika gidan, ga Malam ya dawo da la'asar ya tarar da mu. Na ce to, kowa ya zama shaida. Na ɗauko ƙwarya da sauran 'yan kifayen da na rage, na zuba sabbin baƙi a gaban idonsu, na ce, "Ku duba yadda suke zaman lafiya da shi, in ba don ɓarauniyar can ba."

Ban rufe baki ba kifin lokotoro ya buɗe nasa. Wuf! Ɗaya ya tafi. Ya juya, wuf, na biyu.

Sai Hamsatu ta ce a hankali, "'Yar Tawa, haka kuke karɓar baƙi a garinku?"

Mata suka dinga faɗuwa suna riƙe ciki. Malam ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Alhamdu lillahi, yana ci! Ashe mai rai yake so!" Ni kuwa na ja zane na rufe fuska.

Da yamma na kai wa kyanwa kan kifi soyayye, na ba uwar ɗakinta haƙuri. Lokotoro ya dawo ya sami kifinsa ya yi ƙiba, Malam ya ci gaba da aikinsa har tsufa. Kuma har ya bar duniya, duk baƙon da ya yi sallama sai ya ce masa, "Shigo, amma kada ka bari ta kai ka wajen hira." Wannan tsokanar nake kewa fiye da komai.

Tun daga nan, idan abu ya ɓata mani, cikin gidana nake fara dubawa kafin in ɗaga kai bisa katanga.